Kafin Ka Ƙwace Masa Waya

Ina gaida waɗanda ke saurarenmu a cikin adaidaita sahu, da waɗanda ke kwance a ɗaki, da kuma masu jiran a buga rubutun shirin su karanta saboda data ta yi tsada. Na san da ku, shi ya sa muke bugawa.

Yau a kan ƙannenmu zan yi magana, 'yan shekara 13 zuwa 19, da wayar da ba ta barin hannunsu, da kuma abin da ke cin su a rai wanda ba sa faɗa wa kowa. Daga gidanmu zan fara. Na nemi izinin ƙanena kafin in ba da wannan labari, ya ce in faɗa amma kar in kama sunansa. To ba zan kama ba.

Shekara biyu da suka wuce na dawo gida daga bautar ƙasa, lokacin yana SS2, shekararsa 16. Shago ɗaya muke kwana a ƙofar gida. Yaron da na bari mai surutu ne, wanda in ya fara labarin ƙwallo sai ka roƙe shi ya yi shiru. Wanda na dawo na tarar kuwa, sai ka yi masa magana sau uku kafin ya ɗago kai. Duk lokacin da na farka cikin dare, ko ƙarfe biyu ko uku, zan ga haske a ƙarƙashin bargonsa. Kun san datar daren nan mai arha, wadda ke ƙarewa da asuba. Kuɗin tara da ake ba shi na makaranta, a nan suke tafiya. Da safe sai an yi da gaske yake tashi sallah, ya tafi makaranta ido jawur.

Baba ya ƙwace wayar sau biyu, ana ba shi haƙuri yana mayarwa. A na uku, ranar da sakamakon jarrabawa ya zo, ya buga ta da ƙasa a tsakar gida. Umma kuma ta ce ita ba ta yarda yaron nan lafiyarsa ƙalau ba, ko iska ce ta shafe shi, aka karɓo rubutu, aka yi masa addu'o'i. Ni kuma da nake ganin na yi boko, me na ce? Na ce iskanci ne kawai da sangarta, a bar shi ya ji jiki. Wallahi haka na faɗa, a gabansa.

Da aka fasa wayar duk mun ɗauka an gama. Ashe lokacin abin ya fara fitowa fili. Cikin mako biyu ya daina cin abinci sai an matsa masa. Barcin da muke cewa waya ce ta hana shi, babu wayar kuma bai dawo ba, sai dai ya kwanta ya zuba wa rufi ido. Daga baya wani maƙwabcinmu ya faɗa min yana ganinsa da kayan makaranta a wani kango a bayan layinmu, tun safe har a tashi.

Wani dare bayan isha'i na ce ya hau babur ya raka ni wajen mai shayi. Ban yi niyyar wani abu ba, gajiya na yi da ganinsa a haka. Muna zaune a benci, kowa na kallon titi, na ce masa: ni fa ban gane ba, me kake samu a wayar nan? Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce: "Yaya, in na ajiye ta kaina ba ya yin shiru."

A daren na ji abin da babu wanda ya sani a gidanmu. Yana da 'yar in'ina tun yana ƙarami, takan taso masa in ya tsorata. Wata rana aka tashe shi karatu a aji, ta riƙe shi, wani ya ɗauke shi bidiyo a ɓoye ya sa a zauren WhatsApp na 'yan ajin. Aka yanko fuskarsa aka mayar da ita sitika. Wata biyar kenan duk wanda ya yi kuskure a zauren, da fuskar ƙanena ake yi masa dariya. Ta waya aka wulaƙanta shi, kuma a wayar yake ɓuya, yana kallon bidiyo ɗaya bayan ɗaya har barci ya ɗauke shi ba tare da ya tuna gobe akwai makaranta ba. Mu kuma muka zo muka fasa maɓuyar, muka bar shi da abin da yake gudu.

To wannan shi ne abin da nake so mu riƙe a shirin yau. In ka ga yaro ya nutse a waya, kafin ka tambayi awa nawa yake yi, tambayi me yake gudu.

Kuma kar wani ya ɗauka gidanmu ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce a cikin duk yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa da fargaba suna sahun gaba. Ta kuma ce kusan rabin irin waɗannan matsaloli kan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Ku ɗauki ajin sakandaren gwamnati mai ɗalibai 70, ku yi lissafin da kanku. Mu a nan da an ce lafiyar ƙwaƙwalwa, mutumin da ke yawo a bola muke hangowa. Yarinyar da ke zuwa Islamiyya kullum, tana wanke-wanke, tana gaida kowa, amma ta yi wata uku ba ta jin daɗin komai a rayuwarta, ba ma lissafa ta.

Yanzu kar ku ce na wanke waya. Ban wanke ta ba. Waɗannan manhajoji da gangan aka gina su don kar ka ajiye. A da in kana karatu a intanet, shafi yakan ƙare, sai ka danna kafin ka shiga na gaba, kuma a wannan ɗan tsayawar kake tuna kana da abin yi. Wani injiniya a Amurka, Aza Raskin, shi ya ƙirƙiro tsarin da za ka yi ta jan allo ba ya ƙarewa, a 2006, daga baya ya fito ya ce ya yi nadama. Sannan akwai dabarar da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe da sani tun gwaje-gwajen B. F. Skinner a kan ɓeraye da tattabaru: ladan da ba ka san yaushe zai zo ba ya fi riƙe ka a kan wanda ka san lokacinsa. Bidiyo biyar ba daɗi, na shida ya ba ka dariya har da hawaye, sai ka ci gaba da ja kana neman irinsa. Da wannan dabarar caca take cin mutane. Babba ma yaya ya ƙare da ita, balle yaron da sashen ƙwaƙwalwarsa mai taka masa birki bai gama nuna ba, don wannan sashen sai mutum ya kai wajen shekara 25 yake kammala girma.

Su kansu kamfanonin sun sani. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida na kamfanin. A ciki akwai binciken da su da kansu suka yi, inda kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan mata suka ce in suna jin ba su gamsu da surar jikinsu ba, Instagram na ƙara musu wannan jin. Ku tuna da wannan in kun ga ƙanwarku 'yar shekara 15 ta fara tambayar man bilicin, ko ta ƙi yarda a ɗauke ta hoto sai da abin gyara fuska. A 2023 kuma babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi, ya kawo binciken da ya nuna yaran da ke wuce awa uku a rana a kafafen sada zumunta, haɗarin alamun damuwa da fargaba a wajensu ya ninka. Ostireliya ma a ƙarshen 2024 ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a waɗannan kafafe.

Amma fa masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, kuma ya kamata ku san haka. Jonathan Haidt, a littafin da ya fitar a 2024, ya ɗora yawancin laifin a kan waya. Wasu kuma, irin su Amy Orben da Andrew Przybylski da suka yi nazari a Jami'ar Oxford a 2019, sun duba bayanan dubban ɗaruruwan yara suka ga alaƙar tana nan amma ƙarama ce ƙwarai. Tambayar da ake ta ja a kanta ita ce: waya ce ke jawo damuwa, ko mai damuwa ne ke rungumar waya? Ni abin da na gani a shagonmu, duka biyun ne, kowanne na ciyar da ɗan uwansa. Damuwa ta kai shi ga waya, waya ta cinye barcinsa, rashin barci ya ƙara masa damuwa.

Sannan mu rage saurin cewa yaro ya kamu. Ba duk mai son waya ne ke da ciwo ba. Ko WHO da ta sa jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022, ba da yawan awanni ta auna ba. Abin da ta duba shi ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da yake yi masa, kuma a saba ganin haka kamar tsawon shekara guda. Yaron da ke awa huɗu yana koyon gyaran waya ko ɗinki a YouTube, yana cin abincinsa, yana fita ƙwallo da yamma, yana dariya da mutane, ni ba shi ne ke ba ni tsoro ba. Wanda ke ba ni tsoro shi ne wanda ya canza. Ya bar abokansa, ya bar abin da yake so a da, cin abincinsa ko barcinsa ya rikice, abu kaɗan ya fusata ko ya fashe da kuka, kullum ciwon kai ko ciwon ciki an je asibiti ba a ga komai ba. A yara sau da yawa ciwon damuwa da faɗa da tsiwa yake fitowa, shi ya sa muke kiransa rashin kunya. In irin wannan ya wuce mako biyu a jere, a daina cewa zai wuce.

To me za mu yi? Ni da yayye nake magana yau, maza da mata, don yawancin masu sauraron shirin nan ku ne. Akwai abin da yaro ba zai taɓa faɗa wa Baba ba, ko da za a yanka shi. Kunya ce da tsoro, kuma haka aka tarbiyyantar da mu. Amma kai da ka girme shi da shekara bakwai ko goma, ka san mene ne zauren aji, ka san mene ne a yi maka dariya a intanet. Kai ne gadar.

Abin da na koya a wajen mai shayin nan shi ne, kar ka zaunar da yaro gaba da gaba kamar a ofishin 'yan sanda. Ku kasance kuna wani abu tare, tafiya ce, wanki ne, tsintar shinkafa ce. In ba a kallon idonsa bakinsa ya fi buɗewa. Kuma in ya fara magana, don Allah ka riƙe wa'azinka. Da ƙanena ya gama ba ni labarin sitikar, abin da ya fara zuwa bakina shi ne: a kan wannan ɗan abin? Allah ya taimake ni na haɗiye. Da na faɗa, na tabbata da ba zai sake gaya min komai ba har abada. Abin da na ce kawai shi ne: wata biyar kana ɗauke da wannan kai kaɗai? Sai ya fara kuka, a gaban mai shayi.

Akwai tambaya ɗaya mai nauyi da dole in faɗa. In ka ji yaro na cewa ya gaji da rayuwa, ko da ma ba a haife shi ba, ko kun huta in ba ya nan, kar ka ce masa ya yi istigfari ya yi shiru kawai. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa: kana tunanin kashe kanka? Na san da nauyi a baki. Mutane na tsoron kamar tambayar ce za ta sa masa tunanin, amma bincike ya nuna ba haka ba ne, sau da yawa ma sauƙi yake ji an tambaye shi. In ya ce eh, kar ka bar shi shi kaɗai, ka kawar da maganin ƙwari da na ɓera da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, ka faɗa wa babba a gida, ku tafi asibiti a ranar. Wannan ba ya cikin sirrin da ake riƙewa, ko ya roƙe ka.

Maganar asibiti kuma, na san ba sauƙi. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Dokar da muka yi ta amfani da ita a wannan fanni ta 1958 ce, tun zamanin Turawa, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwa. Amma wuraren suna nan. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa a Kaduna, akwai na Kware a Sakkwato, akwai na Maiduguri, akwai Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen. Na san da an ce Dawanau abin da ke zuwa ran mutane, har zagi ake yi da sunan. Umma sai da ta yi kwana uku ba ta yi min magana sosai ba da na kawo shawarar ganin likita, ta ce so nake a ce ɗanta mahaukaci ne, wa zai ba shi mata gobe. Abin da ya sauko da ita, na ce mata: Umma, lokacin da hawan jininki ya tashi, mun yi addu'a kuma mun je asibiti, ba mu zaɓi ɗaya ba. A ci gaba da addu'ar, a bar ni in kai shi.

Mun je. Likitar ta zauna da shi kusan awa guda ni ina waje. Ta ce ciwon damuwa ne, bai yi tsanani ba tukuna, ta haɗa shi da mai ba da shawara da zai riƙa gani. Abu ɗaya da ta ja min kunne a kai, shi nake ja muku: kar a je kemis a sayo wa yaro maganin barci. Mun ga abin da kodin da tiramol suka yi wa unguwanninmu, kuma da yawa daga "bari in samu in yi barci" suka fara.

Sai maganar wayar kanta. Na saya masa wata, 'yar hannu. Baba ya ce na haukace. Amma da sharaɗi, kuma tare muka tsara sharaɗin. Ba mu fara da ƙirga awanni ba, da dare muka fara, saboda ɗan shekarunsa na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, shi kuwa da ƙyar yake samun huɗu. Ƙarfe goma na dare waya na tafiya caji a ɗakin Umma, sai bayan sallar asuba. Datar dare an daina. Ya ce ya yarda, amma da nasa sharaɗin: tawa ma ta tafi.

Nan fa aka zo wajen. Na buɗe wurin da waya ke nuna lissafin lokaci, a Android ana kiransa Digital Wellbeing, a iPhone kuma Screen Time, don in nuna masa nawa. Awa bakwai da 'yan mintuna a rana. Ni mai yi wa yaro faɗa. Ya kalle ni, ya kalli wayar, ya yi dariyar da na yi wata da watanni ban ji ba. Ku duba naku yanzu in kun isa. Makon farko ni na fi shi shan wahala, ina kwance hannuna na laluben gefen katifa.

Kar ku dogara da saitin manhaja kawai. TikTok ta sa iyakar minti 60 ga 'yan ƙasa da shekara 18 tun 2023, amma wane yaro ne a cikin ƙannenmu ya sa shekarunsa na gaskiya? Duk 'yan 1990 ne a can. Kuma in ka cire wa yaro awa huɗu na waya, ka bar masa rami na awa huɗu, dole a zuba wani abu a ciki. Namiji ma da sauƙi, akwai fili, akwai majalisa, akwai shagon koyon sana'a. Ƙannenmu mata fa? Yarinya ta dawo daga makaranta, ta dawo daga Islamiyya, ba ta fita ko'ina, duk ƙawayenta a cikin wayar suke. In ka ƙwace, ka raba ta da kowa ne a lokaci ɗaya. Yayye mata, wannan aikinku ne: ku ja ta zuwa gidan 'yan uwa, ku sa ta a ajin ɗinki ko girki ko kwamfuta, ku bar ƙawayenta su zo gida.

Maganar zauren ajin kuwa, na je makarantar na samu malamin ajinsu, ba tare da hayaniya ba. Ya kira waɗanda ke kula da zauren, aka goge abin da za a iya gogewa. Sitika dai in ta shiga wayoyi ba ta fita duka, shi ma ya san haka. Sai da muka canza masa aji.

Yanzu ya gama sakandare, yana jiran sakamakon JAMB, yana zuwa shagon wani abokina yana koyon haɗa sola. Ba zan ce muku ya warke sarai ba. Akwai makon da yake komawa shiru, sai in ce ya hau babur mu je shan shayi, ya san me nake nufi. Wayoyinmu har yau a ɗakin Umma suke kwana, kodayake ranar da ake wasan Zakarun Turai mukan nemi alfarma, ita kuma takan ce sai dai mu biya kuɗin caji.

A nan za mu tsaya yau. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu taɓa cacar ƙwallo ta waya, don tun da na ce zan yi wannan shirin mutum uku suka same ni a kan ƙannensu da bashi ya ci. Wassalamu alaikum.